Ranar da Na Je Sayen Kyamara

Shekara guda bayan rasuwar mahaifiyata aka sace mini waya a tashar mota, kuma duk hotunanta da na mallaka suna ciki. Wayar na sake wata, amma fuskar Inna ta tafi ke nan. Tun daga ranar na ƙudurta cewa mahaifina, wanda shi ma tsufa ya cim masa, zan ɗauke shi hoto a kan fim, abin da zan riƙe da hannuna in adana a akwati. Fim ɗin da aka wanke, in an kiyaye shi daga laima da zafi, yakan yi shekaru da dama bai lalace ba.

Na yi watanni ina tari, sannan na nufi shagon wani dattijo, tsohon mai ɗaukar hoto. Da na faɗa masa buƙatata, sai ya fito da kyamarori uku, dukkansu irin masu ma'aunin nisa. Ya nuna mini yadda suke aiki: idan mutum ya leƙa tagar kyamarar, zai ga wani ɗan fili mai haske a tsakiya, inda abin da yake kallo ya rabu biyu. Sai ya riƙa murɗa idon kyamarar har siffofin biyu su haɗe su zama ɗaya. A nan ne hoton zai fito tangaram.

Ta farko Leica M3 ce, wadda aka fara ƙerawa a garin Wetzlar na ƙasar Jamus a 1954. Tagarta fes, motsinta ba ƙara, kuma ana iya cire idonta a sa wani. Ina ɗaukarta na ji zuciyata ta kwanta da ita. Da ya faɗi kuɗinta kuwa, sai na ajiye ta a hankali, domin ya haura albashina na watanni masu yawa.

Ta biyu Zorki 4 ce, ƙirar Tarayyar Sobiyet, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1956 zuwa 1973. Ita ce mafi araha, ba ta kuma buƙatar batir. Sai dai ba ta da ma'aunin haske, kuma tana da sharaɗi: wanda ya sauya saurin ɗaukarta kafin ya ɗana ta, yana iya lalata ta. Dattijon ya ce, "Ɗana, araha ba ta ado. Wannan ta gwani ce, kai kuwa ɗan koyo ne."

Ta uku Canonet QL17 GIII ce, wadda kamfanin Canon na Japan ya fitar a 1972. Idonta mai milimita 40 a manne yake, ba a sauya shi, amma yana buɗewa sosai, har a iya ɗaukar hoto a zaure ba tare da fitila ba. Tana da ma'aunin haske. Batirin da aka yi ta da shi mai sinadarin makuri ne, an kuma daina yin irinsa, amma ko babu batir tana aiki idan mutum ya saita ta da hannu.

Na ce, "Baba, a ganinku wacce ta fi?"

Ya ce, "Wa za ka ɗauka?"

Na ce mahaifina, yana zaune a ƙofar gida. Sai ya tambaye ni ko ido nawa nake buƙata don wannan aiki, kuma in na zuba duk abin da na tara a kan kyamara, da me zan sayi fim, da me zan biya wanki, alhali masu wankin sun yi ƙaranci. Fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, kowane hoto kuwa kuɗi ne. A nan na fahimci cewa farashin kaya bai tsaya ga abin da aka biya a ranar ciniki ba.

Kafin in biya kuɗin Canonet, ya sa na haska idonta da tocila don duba ko ya yi fumfuna, na gwada ma'aunin nisan a kan wata bishiya can nesa, na kuma buɗe bayanta. Soson da ke tare haske ya narke, sai ya rage mini kuɗin gyara.

Daga cikin hotuna 36 na farko, rabi sun lalace saboda rashin ƙwarewata. Amma akwai ɗaya da Baba ya ɗago kai daga carbinsa yana shirin yi mini faɗa a kan ɓarnar kuɗi. Shi ne a bangon ɗakina yanzu, fim ɗinsa kuma yana cikin akwati.

Har yau in na tuna da Leica ɗin nan nakan ji sha'awarta. Amma da na nace sai ita, da ina nan ina tari, tsufa kuwa ba ya jiran mai tari. Masu iya magana sun ce daidai ruwa, daidai tsaki.