Ayarin Basukur Daga Sabon Tasha Zuwa Gada

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana ma'aikata labarin abin da na gani a hanyar Kachia, ko ya amfani waɗanda kuɗin mota ya sha musu kai kamar yadda ya sha mini.

Ni akawu ne, gidana yana Sabon Tasha, ofis kuwa yana ƙetaren kogi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 sai na ga albashina yana ƙarewa a hannun 'yan kamasho, na kakkaɓe tsohon basukur ɗin mahaifina, na sa masa sababbin tayoyi da sarƙa. Da damina tafiya ta yi daɗi. Amma da hunturu ya kama, iskar arewa maso gabas ta taso, sai na raina kaina. Daga Sabon Tasha zuwa Television tana dukana ta hannun dama, da sauƙi. Da na karya kwana wajen Kakuri na fuskanci arewa, sai ta tare ni gaba da gaba kamar mai bin bashi. Kafin in kai gada na jiƙe sharkaf duk da sanyin nan, na kuwa makara sau uku cikin mako guda, har aka yi mini gargaɗi a rubuce.

Wani dattijo mai facin taya ne ya buɗe mini ido. Dā ma'aikaci ne a masaƙar KTL ta Kakuri, wadda aka buɗe a 1957, ta daina aiki a 2002. Ya ce, "Yaro, a zamaninmu wa ke tafiya shi kaɗai? In lokacin shiga aiki ya yi, jere muke yi kamar ayarin fatake, na gaba ya sha iska, na baya ya huta." Na ce, "Baba, ai kowa ƙafarsa ke tura shi." Ya yi dariya ya ce in gwada.

Muka haɗu mu shida, akawuna biyu, malamin makaranta, masinja, da kafintoci biyu, muka sa ƙarfe shida da rabi a bakin tasha. Muka jeru ɗaya bayan ɗaya, tsakanin taya da taya bai fi kamu biyu ba. Na gaba ya ja kamar minti biyu, sa'an nan ya kauce ya koma ƙarshen layi, na biye da shi ya karɓa. Wallahi da na shiga bayan malamin nan, wanda Allah ya yi wa faɗin kafaɗa, sai na ji kamar an sauke mini buhun dawa daga kariya. Muka wuce kwanar Peugeot, muka wuce Makera da tashar jirgin ƙasa ta Kaduna Junction, muka hau gada. Tafiyar da kan ci mini kusan sa'a guda muka yi ta cikin kashi uku bisa huɗu na wannan, ban kuwa yi haki ba.

Dalilin abin shi ne, a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya babban abokin gābar mai basukur iska ce. In ka ninka saurinka sau biyu, turin da take yi maka yakan ninku sau huɗu. To, in kana tafiyar mil 10 a sa'a, iska kuma tana tahowa daga gabanka da mil 10, ƙirjinka na mil 20 yake ji. Na gaba shi ke tsaga ta, ya bar wani gurbi a bayansa inda ba ta da ƙarfi, wanda ya shiga gurbin nan yakan tsira da wajen rubu'i zuwa sulusin turin. In tafiyar a hankali ce kuma ba iska, ribar kaɗan ce, kada wani ya gwada ran da garin ya yi tsit ya ce na yi masa ƙarya.

Turawa sun daɗe da sanin wannan. A 1899 wani Ba'amurke, Charles Murphy, ya bi bayan jirgin ƙasa a kan katakan da aka shimfiɗa tsakanin dogo, ya ci mil guda cikin ƙasa da minti ɗaya. A 2018 kuma Farfesa Bert Blocken na jami'ar Eindhoven a ƙasar Holan ya auna taron mahaya 121, irin na tseren Tour de France, ya tarar waɗanda ke tsakiya ta baya kashi 5 zuwa 10 cikin 100 kaɗai suke sha na iskar da mai tafiya shi kaɗai ke sha.

Amma fa ayari yana da sharaɗi, mun kuwa koye shi da jini. Ran nan na gaba ya hangi rami wajen Makera, ya kauce bai yi magana ba, na biyu ya danne burki, tayata ta gaba ta taɓa tasa ta baya. Ban san sa'ad da na kai ƙasa ba. Na tashi da gwiwa a ɗaye, wandon aiki a yage. Wanda ke baya ne kullum ke faɗuwa, domin tayar gaba ita ke riƙe da kan keke. Tun ranar muka yi doka: na gaba shi ne idon kowa, ya nuna rami da hannu, ya kira sunan abin da ya gani, ba a kuma kama burki farat ɗaya. In iska ta gefe ce, kamar a Television, gurbin yakan koma hagu wajen motoci, mu kuwa muka ce mun yafe wannan riba, gara gajiya da shiga ƙarƙashin tirela.

Akwai kuma wani a cikinmu, ba zan faɗi sana'arsa ba, wanda in layi ya zo kansa sai sarƙarsa ta soma ciwo. Mako biyu muna jansa kamar amarya. Da muka gaji, muka ce ko ya ja nasa minti biyu ko ya nemi wani ayarin. Yanzu yana ja, ko da yake agogonsa ya fi na kowa gudu.

Mun kai mu goma sha ɗaya, har mun rabu gida biyu don kada mu tare hanya. Duk mai basukur da ke tsakanin Sabon Tasha da Barnawa, in burkinsa yana kamawa, ya same mu a bakin tasha ƙarfe shida da rabi, Litinin zuwa Juma'a.

Haza wasalam.

Naka,
Wani Akawu,
Sabon Tasha, Kaduna.