Ba Kowane Hakin Tsohuwa Ne Tsufa Ba

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. Muddin tana lafiya, na sama su tura jini, na ƙasa su karɓa su watsa shi cikin jiki, bi da bi kamar luguden mata a turmi, sau 60 zuwa 100 a minti guda. Akwai cutar da ke ɓata wannan tsari: ɗakunan sama su daina matsawa, su koma karkarwa, bugu ya zama babu kan gado. Ita zan kira karkarwar zuciya. Ta fi kama tsofaffi, kuma sau da yawa takan kai ga gazawar zuciya, wato zuciya ta kasa wadatar da jiki da jini, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu.

Na daɗe ina tambayar kaina: tsakanin tsoho da tsohuwa masu wannan karkarwa, wa gazawar ta fi yi wa barazana? Amsa biyu na samu, kuma kowace gaskiya ce.

A shekarar 2024 mujallar likitanci ta BMJ ta buga wani bincike da aka yi a ƙasar Danmak. Ya nuna cewa kimanin mutum 2 cikin 5 masu karkarwar zuciya kan gamu da gazawar zuciya a tsawon rayuwarsu, kuma rabon maza ya ɗara na mata. Amma tun a 2016 mujallar ta buga wani nazari da ya haɗa bincike 30 na mutum fiye da miliyan 4. Shi kuwa ya gano cewa idan aka gwada mai cutar da marar ita, ƙarin haɗarin da karkarwar ke jawo wa mace ya fi wanda take jawo wa namiji: a gazawar zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, har da mutuwa. Ma'ana, namiji da ma yana kusa da bakin rami, mace kuwa cutar ce ke jawo ta daga nesa.

Irin gazawar ma ta bambanta. A wurin maza, galibi toshewar jijiyoyin zuciya ce ke kashe wani sashen tsoka, zuciya ta saki, ta rasa ƙarfin matsawa. A wurin tsofaffin mata kuwa, shekarun hawan jini da ciwon suga da ƙiba sukan sa bangon zuciya ya yi kauri ya sandare, kamar salkar da ta bushe. Tana matsawa, amma ba ta buɗewa ta cika. Irin wannan zuciya ta dogara ƙwarai ga turin ɗakunan sama. Ranar da suka koma karkarwa, sai haki ya taso. In aka ɗauki hotonta kuma, ana iya ganin ƙarfin matsawar ya kai kashi 50 cikin 100 ko fiye, a zaci lafiya lau.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda muke fassara alamomin a gida. Ina da gwaggo da ta koma yin salla a zaune, ta daina kwanciya sai ta jingina da matashi uku, takalminta ya daina shigarta da yamma. Duk wanda ya ce, "Gwaggo, yaya jiki?" amsarta ɗaya ce: "Tsufa ne, ɗan nan." Sai da aka auna bugunta a asibiti aka gane karkarwa ce. Da tsoho ne ya kasa kaiwa masallaci, da unguwa ta sani a ranar. Tsohuwa tana cikin ɗaki, kawaici ya rufe ta, kowa na yaba haƙurinta.

Cutar tana da magani: akwai mai rage gudun bugu, da mai tsinka jini don kare shanyewar jiki, da mai fitar da ruwa. Sai dai ba a ba wa wanda ba a auna ba. Saboda haka, in ka ga kakarka tana haki daga tsakar gida zuwa zaure, ɗora yatsu biyu a wuyan hannunta, ka saurara na minti guda. In ka ji luguden ya rikice, kada ka karɓi "tsufa ne" a matsayin amsa. Kai ta wurin likita.