Littafin Ta'aziyya da Tukunyar Gidanmu



Cikin ayyukan da Maigida ya ɗora mini tun da na zama magatakardansa a nan Zangon Kumasi, akwai riƙe wani littafi mai baƙin bango. A cikinsa nake rubuta sunan duk wanda ya rasu a unguwarmu, da ranar jana'iza, da gudummawar da aka tara domin sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Akwai wani ɗan fili a gefen kowane shafi inda nake sa sanadin ajali idan dangi sun faɗa. Ga maza sukan faɗa kai tsaye: hawan jini, haɗarin mota, ciwon sukari. Ga mata kuwa sau da yawa sai a sunkuyar da kai a ce “ciwon mata ne”, ko a ce “daji ne ya kama ta”. Shekaru na yi ina rubuta hakan ba tare da na tambayi kaina ma'anarsa ba, har ranar da na rubuta sunan Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, da hannuna.

Sankarar mama ce ta yi ajalinta. Ta fi shekara guda tana jin ƙullutu a ƙirjinta na hagu ba ta gaya wa kowa ba. Da abin ya fito fili, ni da kaina na ɗauko allo na yi mata rubutu, wata dattijuwa kuma ta kawo saiwoyi aka dafa. Watanni huɗu muka ƙara a haka kafin mu kai ta asibiti, inda likita ya ce ciwon ya riga ya kai ƙashin baya. Ban yi nadamar addu'ar ba, Allah Shi ne mai warkarwa. Abin da nake nadama shi ne watanni huɗun, domin babu malamin da ya taɓa koya mini cewa addu'a tana hana neman magani.

A zaman makoki na ji bayanai iri-iri. Wata ta ce dunƙulen ɗanɗano ne da muke zubawa a miya. Wata ta ce ajiye kuɗi da waya a cikin rigar mama. Wata ta rage murya ta ce jifa ne, tun da ai shagon waakye na Yaya ya fi na maƙwabta ciniki. Matata ce ta tsare ni bayan sadakar arba'in, ta ce, “Malam, 'ya'yanmu mata uku ne, kuma an ce abin yana bin jini. Me zan daina dafawa?” Na rasa amsa. Wannan tambaya ce ta sa na shiga karatu da tuntuɓar ma'aikatan lafiya, kuma abin da na samu shi nake son in raba da ku.

Da fari, ciwon ba na gidanmu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mata kimanin miliyan 2.3 aka gano suna ɗauke da shi a duniya, kuma kimanin 670,000 suka rasu. A nan Ghana ana ƙiyasta sababbin masu kamuwa kimanin 5,000 a shekara, kuma mafi yawansu ba sa isa asibiti sai ciwon ya yi nisa. Hukumar ta kuma ce kusan rabin masu kamuwa ba a samun wani dalili a tare da su in ban da kasancewarsu mata da kuma shekaru. Wannan ya sanyaya mini zuciya a kan Yaya. Ba ta taɓa kai giya bakinta ba, ta shayar da 'ya'ya shida, amma ciwon ya same ta. Don haka kada wani ya karanta wannan rubutu ya je yana tuhumar majinyaciya cewa cin da ta yi ne ya jawo mata.

To, ina abinci ya shigo? Masana sun daɗe da lura cewa matan Japan da ke zaune a ƙasarsu ba su cika kamuwa da wannan ciwo kamar matan Amurka ba, amma iyalan da suka yi ƙaura zuwa Amurka sai aka ga 'ya'yansu da jikokinsu suna matsawa kusa da adadin mutanen can. Jinin bai canza ba, rayuwar ce ta canza: abin da ake ci, nauyin jiki, yawan haihuwa da shayarwa, da motsa jiki. Mu da kakanninmu suka biyo hanyar fataucin goro suka zo nan, mun fi kowa sanin yadda ƙaura ke sauya tukunya.

Abin da ya fi ƙarfin hujja shi ne ƙiba bayan yankewar jinin al'ada. Akwai wani sinadari a jikin mace da ake kira estrojin, wanda yawancin nau'o'in sankarar mama suke girma da shi. Lokacin da mace take haila, ƙwayayen haihuwarta ne suke samar da shi. Idan haila ta yanke, sai kitsen jiki ya zama babbar masana'antarsa. Gwargwadon yawan kitse, gwargwadon yawan sinadarin da ke yawo a jini. A nan ne al'adarmu ke buƙatar gyara. Mu ne muke kallon mace siririya mu ce mijinta ba ya ciyar da ita. Mu ne muke yaba wa Hajiya idan ta cika kujera, mu ce hutu ya karɓe ta. Har wasu 'yan mata suna sayen maganin ƙiba kafin aure. Ni kaina, duk lokacin da na je gaida Yaya, kwalaben lemo da gwangwanin madara mai zaƙi nake riƙe mata, ina ganin zumunci nake yi.

Na biyu giya ce. Ko kaɗan aka saba sha kullum tana ƙara haɗarin. Wannan ƙofa addini ya riga ya rufe mana ita, sai mu gode wa Allah mu kuma kula da 'ya'yanmu.

Na uku shayarwa. Wani babban nazari da aka wallafa a 2002, wanda ya tattara bincike 47 daga ƙasashe 30, ya nuna cewa kowace shekara guda da mace ta yi tana shayarwa tana rage haɗarin da kimanin kashi 4 cikin 100. Shekaru biyun da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara ashe uwar ma tana da rabo a cikinsu.

Game da tsarin cin abinci kansa, bincike biyu ne suka tsaya mini a rai. A Amurka an bi mata fiye da 48,000 waɗanda suka daina haila, aka sa wasunsu rage maiƙo da ƙara ganye da 'ya'yan itace da hatsi. A shekarun farko bambancin kamuwa bai kai a kafa hujja da shi ba, amma da aka bi su kusan shekara 20 sai aka ga mutuwa sanadin wannan ciwo ta ragu da kimanin kashi 21 cikin 100 a cikin waɗanda suka sauya cimarsu. A Sifaniya kuma an gwada mata fiye da 4,000 da cimar mutanen bakin Bahar Rum, wato ganye da wake da kifi da man zaitun, aka ga kamuwa ta yi ƙasa, ko da yake mata 35 ne kacal suka kamu a dukan binciken, adadin da ya yi kaɗan a yanke hukunci da shi. Darasin shi ne, abin da ake ci kullum tsawon shekaru shi ke da tasiri. Babu wani ganye ko sassaƙe guda da ke kare mace, kuma babu abincin da ke narkar da ƙullutu idan ya riga ya fito. Duk wanda ya sayar miki da garin magani a kan wannan alkawari, kuɗinki da lokacinki yake ci.

Da na koma wa matata da amsa, sai na ga ba ma buƙatar man zaitun mai tsada. Abin da ake yabawa can, muna da irinsa a kasuwar Kejetia: wake, gero da dawa waɗanda ba a cire musu dusa duka ba, kuka, ayoyo, zogale, kontomire, kuɓewa, gauta, daddawa, busasshen kifi, gwanda da lemo. Tuwon zafi da miyar ayoyo na iyayenmu bai yi laifin komai ba. Abin da muka ƙara daga baya shi ne matsalar: mai yana iyo a kan miya, sukari cokali huɗu a koko, zoborodo mai zaƙi kamar zuma, burodi da bota da daddare, lemon kwalba a kowane suna da biki. Waakye ma asalinsa wake ne da shinkafa, mu ne muka ɗora masa taliya da gari da soyayyen nama har waken ya ɓace.

A gidanmu yanzu ludayin mai ya ragu zuwa rabi, wake ya fi shinkafa yawa, lemon kwalba kuma sai ranar Salla. Matata tana zuwa kasuwa da ƙafa idan kayan ba su da nauyi. Ba a yi hakan cikin sauƙi ba, ƙaramar 'yarmu ta yi mako guda tana cewa miyar Umma ta zama ta asibiti. Malamanmu sun koya mana tun muna makarantar allo cewa ciki kashi uku ake raba shi, na abinci da na ruwa da na numfashi. Mun haddace, aikin ne muka bari.

Na kai maganar gaban Maigida. Na ce, “Ranka ya daɗe, duk sadakar da za a yi a unguwar nan ni nake rubuta lissafinta, kuma kuɗin lemo yakan yi kusa da kuɗin shinkafa.” Ya yi shiru, sannan ya ce in rubuta takarda a gayyato ma'aikatan jinya mata su zo su duba iyayenmu da 'yan'uwanmu a cikin sirri, a watan Oktoba da duniya ta ware domin wannan ciwo. Ya kuma ce a roƙi limamai su yi magana a kai, domin kunya ce take kashe mana mata.

Iyayena mata da ƙannena, idan kika ji ƙullutu a mama ko a hammata, ko fatar wurin ta lotsa, ko kan maman ya shige ciki, ko jini ya fito, ki je asibiti cikin makon nan, ko da babu zafi. Yawancin ƙullutu ba sankara ba ne, kuma wanda ya zama ita, idan an kama shi da wuri ana warkewa da yardar Allah. Ku kuma maza, kada ku zama dalilin ɓoyewa. Wasu matan tsoron kishiya ko saki ne yake sa su yin shiru idan an ambaci tiyata.

Littafin yana nan a cikin akwatina, har yanzu ina rubutu a cikinsa, domin mutuwa ba ta da makawa. Sai dai duk lokacin da na buɗe shafin Yaya nakan tuna watanni huɗun nan. Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan dukan magabatanmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.