Mu Zanta: Gidan Ɗantata da Cittar Ƙasarmu

'Yan uwa, ku matso kusa, yau hirar tamu ta cikin gida ce. Me ya sa attajirinmu na nan kudancin Kaduna yana rasuwa, kafin shekara ta zagayo an sayar da motocin, an raba rumbunan citta, suna ya ɓace?

Ku dubi gidan Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji a 1877, ya fara da fataucin goro zuwa Gwanja. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, sai ya juya ga gyaɗa, yana saye wa kamfanonin Turawa, har dalar gyaɗa ta zama alamar birnin. Kafin ya rasu a 1955, ana ba da labarin ya tara 'ya'yansa, ya yi musu wasiyya su haɗa kai kada kamfanin ya ruguje. Kuma suka riƙe. Ɗansa marigayi Alhaji Aminu ya karɓi ragama a 1960, ya shiga gine-gine da masana'antu da harkar mai, har Allah ya yi masa rasuwa a 2025. Aliko Ɗangote ma ai jinin gidan ne, jikan Alhaji Sanusi ɗan Alhassan ta wajen mahaifiyarsa Hajiya Mariya.

To mu me muka rasa? Tun zamanin Turawa Kafanchan take mahaɗar layin dogo. Cittar Kwoi da Nok da Kachiya kuwa, sai dai a yi mata layi a kasuwannin duniya. Wallahi abin yana ci mini rai. Dillalinmu yakan riƙe lissafi a kansa, ɗansa bai san wa ake bi ba, bai san wa ke bin su ba. Ga dogaro da sana'a guda. Kun dai ga yadda cutar citta ta 2023 ta durƙusar da gidaje da yawa. Da Ɗantata ya tsaya ga gyaɗa kaɗai, da gidansa ya tafi tare da dalar.

Don haka, tsakaninmu nake faɗa muku: mai ɗan jari a cikinmu ya yi wa kasuwancinsa rajista, ya rubuta lissafi, ya ja 'ya'yansa maza da mata zuwa shago tun yana da ƙarfi. In rabon gado ya zo, a ba kowa haƙƙinsa a matsayin hannun jari, a bar kamfanin a tsaye. Don Allah mu fara daga kakar bana.