Malafar Luffy da Amanar Labari

Shekara 15 ke nan ina koyar da adabi a jami'a, kuma a duk tsawon lokacin nan ina gaya wa ɗalibaina cewa fim ba ya kama ƙafar littafi. Wanda ya sa na sake tunani ba farfesa ba ne, ɗana ne ɗan shekara 14.

Wani dare na iske shi ya ƙura wa waya ido maimakon littafin lissafi, na ƙwace ta cikin fushi, na ce ya girmi kallon katun. Bai yi musu ba. Abin da ya ce kawai shi ne: "Abba, don Allah ku kalla tukuna, sannan ku yanke hukunci." Maganar ta yi mini nauyi, domin ita nake faɗa wa ɗaliban da ke sukar littafin da ba su karanta ba. Na zauna na kalla.

Labarin shi ne One Piece, wanda Eiichiro Oda ya fara zanawa a mujallar Weekly Shonen Jump ta ƙasar Japan a 1997, kuma an buga fiye da kwafi miliyan 500 na littattafansa. Tauraronsa Luffy yaro ne mai jikin roba, wanda ya ɗaura aniyar zama sarkin 'yan fashin teku, yana yawo da malafar da wani gwarzo ya ba shi amana. Tun 1999 kamfanin Toei ke mayar da shi fim ɗin zane a talabijin, ya haura kashi 1,000 a 2021. Akwai kuma finafinan silima, kamar One Piece Film: Red na 2022.

Kowace irin mayarwa da cutarta. Saboda gudun kada ya cim ma littafin da ake bugawa mako-mako, fim ɗin Toei yakan ja abu kaɗan ya yi tsawo har mai kallo ya ƙosa. Fassarar Turanci da aka fara nunawa a Amurka a 2004 kuwa ta yi wa labarin aski: an zubar da sassa, an mayar da tabar da Sanji mai dafa abinci ke sha alewa.

A watan Agusta na 2023 Netflix ta fito da nata, da 'yan wasa na zahiri, wanda aka ɗauka a Afirka ta Kudu, Iñaki Godoy ɗan Meziko ya fito a Luffy. Kashi 8 kacal suka haɗiye abin da ya ci wa Toei fiye da kashi 40. An rage wasu taurari, an gaggauto da fitowar wasu, Oda da kansa yana sa ido. Na shirya tsaf domin kama su da cin amana.

Sai muka iso labarin Nami. Shekara 8 yarinyar nan tana sata tana tara kuɗi domin fanso ƙauyensu daga azzalumi Arlong, sai wani hafsan sojan ruwa da ya ci hanci ya zo ya kwashe su. Ta durƙushe, ta nemi taimako a karon farko. Luffy bai yi dogon jawabi ba. Malafar nan da ba ya bari kowa ya taɓa ya cire, ya ɗora mata a ka. A littafi, a zane, da a wasan zahiri, wurin nan bai sauya ba. Na waiwaya na ga ɗana yana share ido, ni ma na kau da kai.

A nan na gane cewa amanar labari ba a yawan shafukan da aka kwafa take ba. Mai mayar da littafi fim yana da izinin ya rage, ya sauya tsari, muddin ya san inda ran labarin yake, bai taɓa shi ba. Wanda bai san wurin ba, ko ya kwafi kowane harafi, gawa zai miƙa wa masu kallo.

Na mayar wa ɗana wayarsa bisa sharaɗin lissafi ya riga kallo. Ni kuma na gyara darasina na zangon da ya biyo baya. Yanzu idan ɗalibi ya tambaye ni wanne ya fi tsakanin littafi da fim, nakan ce ya fara nuna mini inda malafar take.