Abin da ke barin gona tare da harawa

Idan aka tuge tushen wake a tsakiyar damina, za a ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle manne da saiwa, kamar ƙwayar dawa. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka cuta ce. A fasa ɗaya da farce: in cikinsa ja-ja ne, to aiki na tafiya. Gida ne da shukar ta gina wa wata bakteriya ta ƙasa mai suna raizobiya.

Kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa naitrojin ne, sinadarin da manomi ke biya da tsada a buhun yuriya, amma tsiro ba ya iya cin sa kai tsaye daga iska. Bakteriyar ce ke mayar da shi abin da shuka za ta iya ci, ita kuma shukar ta biya ta da sukarin da ganyenta ya haɗa. Jan nan kuwa wani furotin ne ɗan'uwan na jini, wanda ke riƙe iskar oksijin don kada ta ɓata aikin. Masana biyu a Jamus, Hellriegel da Wilfarth, su suka bayyana wannan ƙawance a 1886, amma kafin nan manoman ƙasar Hausa sun daɗe suna surka wake cikin gero, suna kuma barin gawo a tsaye a gona.

Sai dai ana zuzuta ribar fiye da kima. Mafi yawan naitrojin ɗin ba ya zama a saiwa. Yana haurawa ganye da ƙwaya. Shi ya sa harawa ke gina rago. Da kaka ta yi, a tuge wake da gyaɗa, a ɗaure harawar, a jibge a kan rufin soro ko a loda ta zuwa kasuwar Kano don ragunan layya. Abin da bakteriyar ta tara a damina ya bi mota ke nan, kuma kashin ragon a birni zai tsaya, sau da yawa a kwata.

Gonar da ta ci moriya ita ce wadda aka ciyar da harawarta a turken gida, aka kuma mayar mata da takin a mangala kafin ruwan shuka. In an ƙara mata ɗan takin sufa, ƙulle-ƙullen sun fi yawa, don ƙasar yashi tana da ƙarancin fosforas. Yuriya kuwa in ta yi yawa, wake ya kan daina gina wa bakteriyar gida.