Gidan Fotigal na Wida: wane ne ɗan fashi?

Shekara da shekaru ƴan kasuwar Nijar sun san hanyar Gaya, Malanbil, Paraku har Kwatano kamar tafin hannunsu. Amma kaɗan ne daga cikinsu suka ƙara kilomita 40 yamma da tashar jiragen ruwa don su ga garin Wida. Can kuwa, a tsakiyar gari, akwai wani tsohon gida kewaye da katanga mai kauri, wanda Turawan Fotigal suka gina a shekarar 1721, suka raɗa masa suna São João Baptista de Ajudá. Filinsa bai wuce na gonar talaka ba, amma tutar Fotigal ta yi shekara 240 tana da iko a kansa.

Gidan bai daɗe da ginuwa ba ƴan fashin teku suka sauka. A watan Janairu na 1722, wani mutumin Birtaniya mai suna Bartholomew Roberts ya shigo gaɓar Wida da baƙar tuta, ya tarar da jiragen fataucin bayi goma sha ɗaya. Duka suka miƙa wuya. Ya yanke wa kowane jirgi fansar garin zinariya fiye da kilo 3, kuma, abin mamaki, waɗanda suka biya an rubuta musu takardar shaida, sai ka ce a ofishin duwan. Kyaftin ɗin wani jirgi mai suna Porcupine ya ƙi biya. Sai aka cinna wa jirgin wuta, alhali akwai bayi wajen 80 a ciki, ɗaure da mari biyu-biyu. Wanda bai ƙone ba ya faɗa teku, kifaye suka cinye shi.

Turawa sun ƙawata labarin Roberts ƙwarai. Wani littafi da aka buga a Landan a 1724 ya siffanta shi sanye da jajayen tufafi, da sarƙar zinariya a wuya. Ana cewa ya fi son shayi da giya, kuma ya kama jirage sama da 400 cikin shekara uku. Amma gaba da gabanta. Ranar 10 ga Fabrairu 1722, jirgin yaƙin Ingila mai suna Swallow ya riske shi a gaɓar Gabon ta yau, harsashin igwa ya same shi a maƙogwaro, mutanensa suka jefa gawarsa cikin ruwa. An rataye 52 daga cikinsu a Cape Coast, ƙasar Gana. Baƙaƙen fata fiye da 60 da aka kama tare da su kuwa, ko shari'a ba a yi musu ba: sayar da su aka yi.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Ɗan fashi ya zo ya wuce cikin ƴan kwanaki. Gidan kuwa ya tsaya, da tutarsa da takardunsa, ana cinikin mutane a inuwarsa fiye da shekara ɗari. Bayan da Sarki Agaja na Dahomai ya ci Wida da yaƙi a 1727, cinikin bai tsaya ba. Daga baya Francisco Félix de Souza, wanda ya yi aiki a gidan, ya taimaki Gezo ya hau gadon sarauta a 1818, ya zama babban dillalin bayi na garin. Cikin waɗanda aka loda daga wannan yanki zuwa Bahiya ta Barazil har da Hausawa, kuma su ne suka shirya tawayen 1807 a can.

Ƙarshen mulkin Fotigal ma da wuta ya zo. A 1961 gwamnatin Hubert Maga ta ba wakilin Fotigal wa'adin ƙarshen watan Yuli ya fita. Maimakon ya miƙa mabuɗi, sai ya sa wa gidan wuta. An gyara shi, aka mai da shi gidan tarihi a 1967.

Daga ƙofarsa zuwa bakin teku tafiyar kamar kilomita 4 ce cikin yashi da fadama, hanyar da bayi suka bi. An san sunan Roberts, an san ranar mutuwarsa. Mutum 80 na cikin Porcupine kuwa, ko sunan ɗaya ba wanda ya rubuta.